Ɗan Haya

Akwai wata nas da kowa a asibitinsu yake kira Sanyi. Daga hannunta sunan ya fito. Idan ta yi wa yaro allura, sai ta gama ta danne wurin da auduga kafin yaron ya tuna ya kamata ya yi kuka. Iyaye mata kan tsaya a bakin ɗakin yara su ce, "Mu dai mai hannun sanyin nan muke jira." Da tafiya ta yi tafiya sunanta na gaskiya ya ɓace, har maigidanta ma ya koma kiranta da wannan.

Asibitin na kuɗi ne, bene mai farin fenti, ko'ina ƙanshin maganin goge ƙasa. Ma'aikatan jinyarsa kashi biyu ne, 'yan dindindin da 'yan kwantiragi. Yunifom iri ɗaya, aiki iri ɗaya, ciwon ƙafa iri ɗaya. Bambancin ba ya fitowa sai ranar da mace ta samu ciki. 'Yar dindindin za ta tafi hutun haihuwa ta dawo ta tarar da gurbinta. 'Yar kwantiragi kuwa, sai dai addu'a.

Manajan asibitin yana da wata magana da yake ji da ita: "Mu nan ba mu taɓa korar mai ciki ba." Kuma bai yi ƙarya ba, ba kora ake yi ba. Wani ɗan laifi za a nemo miki, ko makara ko ɗaga murya, a kira ki ofis, a ba ki kujera mai laushi, a ce, "Je ki huta, za mu neme ki." Har yau ba a ga wadda aka nema ba.

Sanyi 'yar kwantiragi ce, haka ma aminiyarta, wadda ake kira Kwalisa saboda gugar yunifom ɗinta da turarenta da yake riga ta shiga ɗaki. Tun makarantar jinya suke tare, ɗaki ɗaya, bokiti ɗaya, wani lokacin ma takalmi ɗaya. Idan ka ga ɗaya a kantin asibiti, juya kawai za ka yi ka ga ɗayar.

Tsokana ce abincinsu. Sanyi tana da wani ɗan tabo a goshi, na ƙarambau da ta yi tana ƙarama, kuma Kwalisa ba ta taɓa barin tabon ya huta ba.

"Ke da aka buga wa hatimi a goshi," in ji ta. "Ni kuwa ƙarambau kunyar fatata ya ji, ya bi ta maƙwabta ya wuce."

"Ki bar cika baki," Sanyi kan ce. "Bai dai san adireshinki ba ne."

A gida, albashin Sanyi shi ne ginshiƙi. Maigidanta gyaran firiji yake yi, yau akwai, gobe sai zaman jiran waya. Mahaifiyarta tana tare da su, ga maganin hawan jini da ba ya jira. Sannan akwai wani ciwo da ba a cika taɓa shi a gidan ba: sau biyu Sanyi tana samun ciki yana zubewa. Akwai 'yan kayan jarirai da ta saya tun na farkon, suna can ƙasan akwati, ba ta iya kallonsu, ba ta kuma iya bayarwa.

Sai ga na uku.

Wata safiya a ɗakin canza kaya amai ya taso mata, Kwalisa ta riƙe mata kafaɗa har ta gama. Da ta ɗago suka haɗa ido. Nas ba ta buƙatar a yi mata bayanin irin wannan aman.

Kwalisa ta rungume ta har hularta ta faɗi. Sanyi tana kuka tana dariya ta ce, "Don Allah ki rufa min asiri. Kin san an ce za a ba wa ɗaya a cikinmu gurbin dindindin. In dai na samu takardar nan kafin cikin ya fito, na tsira."

"Haba 'yar uwa, ni za ki roƙa?" Kwalisa ta waiga ta duba ƙofa. "Amma mu sa masa sunan da ba wanda zai gane. Daga yau sunansa ɗan haya."

"Ɗan haya kuma?"

"To mene ne? Ya shigo ba sallama, ya kama ɗaki, ba ya biyan ko sisi, ga shi ya hana mai gidan cin abinci."

Suka yi dariya har da riƙe ciki. Daga ranar, a gaban kowa Kwalisa za ta ce, "Yaya ɗan hayarki?" Sanyi ta ce, "Yana nan yana ta fitina." Sauran ma'aikata suka ɗauka wani ɗaki ta bayar haya a gidansu. Ko maigidan Sanyi bai san wannan suna ba. Nasu ne su biyu.

Ana cikin haka baƙon dauro ya shigo gari. Aka fara kawo yara da zazzaɓi da tari da jajayen idanu, ƙuraje sun feso musu tun daga bayan kunne. Asibitin ya ware musu ɗakin da ke can ƙarshen baranda, wanda ma'aikata suke kira ɗakin ƙarshe. Tagarsa ɗaya ce, takunkumin fuskar da ake rabawa kuwa siriri ne kamar takardar goge baki.

Sanyi a wani asibiti mai nisa take zuwa awo don kada a gane. Likitar can ta tambaye ta ko ta taɓa yin baƙon dauro, ko an yi mata rigakafinsa. Ta dawo gida ta tambayi mahaifiyarta.

Mama ta fara lissafi da yatsu. "Akwai dai wadda ta yi a cikinku. Ko ke ce, ko ƙanwarki, ko 'yar maƙwabta da take kwana a wurinmu."

"Haba Mama."

"Yo ku da yawa, kowa da nasa ciwon, ni na riƙe?"

Gwajin jini ne ya raba gardama. Jikinta ba shi da kariya ko kaɗan. Likitar ta cire tabarau ta ce mata, "Rigakafin nan ba a yi wa mai ciki. Cutar kuma a iska take tafiya. In ta kama ki, tana iya tafiya da cikin nan, ke ma ta wahalar da ke. Ke nas ce, ba sai na ja miki magana ba. Ki nisanci ɗakin nan."

Wa za ta gaya wa in ba Kwalisa ba?

"Wannan ne ya sa kike kuka?" in ji Kwalisa. "Ni na yi baƙon dauro ina ƙarama, har ya kusa tafiya da idona. Duk ranar da aka sa ki ɗakin ƙarshe, ni zan shiga. Ke ki karɓar min aikin ƙarshen mako."

Haka aka yi. Sanyi ta karɓi Asabar da Lahadin Kwalisa da wankin ciwo da duk wani aikin da ake gudu, tana yi tana godiya. Ta ce wa maigidanta, "Wanda Allah ya ba aminiya irin tawa, ya gama yi masa komai." Wannan maganar ce daga baya ta riƙa dawo mata tana hana ta cin abinci.

Wata safiya ana taron miƙa aiki, Matiron, shugabar ma'aikatan jinya, tana rarraba ɗakuna kamar kullum, sai ga Manaja. Mutumin da bai taɓa halartar taron nan ba. Ya tsaya da hannu a aljihu yana murmushi.

"Labari ya zo min wasu suna musayar aiki a tsakaninsu," in ji shi. "Daga yau an daina. Inda aka sa ki, nan za ki tsaya. Matiron, wa ke da ɗakin ƙarshe yau?"

Matiron ta sunkuyar da kai. "Sanyi ce, yallaɓai."

"Madalla. Mai hannun sanyi. Yaran nan sun yi sa'a."

Sanyi ta juya ta kalli Kwalisa. Ba wani abu take nema ba, kalma ɗaya ce, ko "ni zan shiga, na riga na saba da yaran." Kwalisa kuwa ta duƙufa tana gyara ɗan agogon da ke maƙale a ƙirjin rigarta, kamar duk duniya ba abin da ya kai shi muhimmanci.

Aka watse. Sanyi ta sa safar hannu, ta ɗaura takunkumi, ta ƙara wani a kai. Ta kama hanyar baranda. Tun da ta fara aiki ba ta taɓa juya wa majinyaci baya ba, ko mai wari ko mai zagi. Tana tafiya tana lallashin kanta: wataƙila ba zai kama ni ba, wuni ɗaya ne, in na ƙi shiga me za mu ci, wa zai sayi maganin Mama.

Ta isa. Ta ɗora hannu a kan mariƙin ƙofar. Daga ciki tana jin tarin yara, wata uwa tana rarrashi. Har ta fara murɗawa.

Sai ta tuna kayan jariran nan da ke ƙasan akwati.

Ta saki ƙofar. Ta cire safar, ta juya. Duk wanda ke barandar ya ga juyawarta.

Ba a jima ba aka ce Manaja yana kira. Ya nuna mata kujera mai laushi.

"Yallaɓai, ba ƙin aiki na yi ba," ta ce. "Ina da juna biyu, kuma gwaji ya nuna ba ni da kariya daga cutar nan. Ga takardar likita."

"Kai, masha Allah! Allah ya raba lafiya." Ko kallon takardar bai yi ba. "Ai da kin faɗa tun farko."

"Ka mayar da ni ko'ina, yallaɓai. Ɗakin wankin ciwo, wurin gwajin jini, ko wurin karɓar kati. Ba na zaɓen aiki, kowa ya sani."

"Na sani, na sani. Sai dai ko'ina a cike yake. Kuma kin ga, a gaban kowa aka ba ki aiki kika juya. In na ƙyale, gobe kowa zai juya. Ki fahimce ni, ba maganar ciki ba ce. Mu nan ba mu taɓa korar mai ciki ba."

Ta san abin da zai biyo baya, amma duk da haka da ya fito sai da ta ji shi har cikin ƙashinta.

"Je ki huta, za mu neme ki."

Ta miƙe. Har ta kai ƙofa, sai ya ƙara da 'yar dariyarsa ta mutumin kirki:

"Ki kula mana da ɗan hayar nan da kyau."

Jama'a, a nan ne Sanyi ta ji abin da ya fi korar ciwo. Ita "juna biyu" ta ce. Ba ta ce ɗan haya ba. Mutum biyu ne kawai a duniya suka san wannan suna, kuma ɗaya daga cikinsu ita ce.

Ashe ya sani tun kafin ya shigo taron. Ashe saninsa ne ma ya kawo shi. An san tana da ciki, an san ba ta da kariya, aka tura ta ƙofar nan da gangan don ta juya a gaban shaidu.

Ta tarar da Kwalisa a ɗakin canza kaya, a daidai wurin da ta taɓa riƙe mata kafaɗa.

"Manaja yana gaida ɗan haya," in ji Sanyi.

Kwalisa ta daskare da kwalbar turare a hannu. Sai kuma ta fara magana da sauri. "Wallahi don lafiyarki na faɗa. Na ga kina wahala, na ce gara su sani su sauƙaƙa miki."

"Don lafiyata aka tura ni ɗakin ƙarshe?"

"Ni ban ce a tura ki ba."

"Amma kina tsaye aka tura ni. Kina gyaran agogo."

Kwalisa ta ajiye kwalbar da ƙarfi. Da kunya ta ƙare, sai gaskiya ta fito tsirara. "Gurbi ɗaya ne, Sanyi. Kowa ya san ke za a ba. Ke kuma ko an ba ki, haihuwa za ki tafi. Ni ma ina da ƙanne a kaina, ni ma sabon aure gare ni. Sai yaushe zan daina zama a bayanki?"

"Gurbin ba shi ne ya dame ni ba," in ji Sanyi, muryarta ƙasa ƙasa. "Da na shiga ɗakin nan fa?"

"Na san ba za ki shiga ba."

"Kin sani? Ni kaina ban sani ba sai da na murɗa ƙofar. Kin san sau nawa na yi ɓari. Ke kika wanke min zanen na biyun da hannunki. Kika ɗauki ran ɗana kika yi caca da shi a kan 'na san ba za ki shiga ba.'"

Sanyi ta kwashe 'yan kayanta daga loka, kofin shayi da silifas da man shafawa, ta zuba a leda. Ledar ma ta Kwalisa ce, sai da ta isa gida ta lura.

Maigidanta yana tsakar gida ya kwance bayan wani firiji. Yana ganin fuskarta ya ajiye sukundireba.

"Sanyi, lafiya?"

"An ce in huta."

Ya gane. Ya goge hannunsa a jikin wando, ya karɓi ledar. "Cikin fa?"

"Yana nan."

"To alhamdu lillahi. Sauran duk gyara ne, gyara kuwa aikina ne."

A daren farko ba ta yi kukan aiki ba, na aminiya ta yi. Abin da ya fi ci mata rai shi ne, duk lokacin da wani abu ya faru, ko ɗan motsin farko da cikin ya yi, hannunta sai ya kai kan waya zai kira Kwalisa, sannan ta tuna.

Kafin wata ya ƙare aka ba wa Kwalisa gurbin. Sai dai da sharaɗi: za ta yi shekarar gwaji tukuna kafin takardar ta tabbata.

Watannin da suka biyo baya ba su zo da sauƙi ba, kada in yi muku ƙarya. An rage cefane. An sayar da talabijin. Mama ta fara raba ƙwayar maganinta biyu a ɓoye, sai da Sanyi ta kama ta suka yi faɗa suka yi kuka. Ta nemi aiki a wurare, ana ganin cikin sai a ce ta dawo bayan ta haihu. Asibitin da ta ba ƙarfinta kuwa, ko kuskuren kira ba su yi ba.

Amma ɗan haya ya zauna daram har wa'adinsa ya cika. Da ya tashi fitowa sai ga shi mace, da lafiyarta, da muryar da ta cika ɗakin haihuwa. Sai a lokacin Sanyi ta ba maigidanta labarin sunan. Ya yi dariya, sannan dariyar ta ɗauke, don ya gane abin da sunan ya jawo. Kafin a sallame ta ta ce a yi mata rigakafin baƙon dauro. Daga baya ta samu aiki a wani ƙaramin asibitin unguwa, albashin bai kai na da ba, amma mai wurin tsohuwar ungozoma ce da ba ta ɗauki ciki laifi ba.

Wata ranar Lahadi da la'asar, Sanyi tana shanya kayan jaririya, aka ƙwanƙwasa ƙofa a hankali. Ta buɗe.

Da ƙyar ta gane ta. Ba guga, ba turare. Kwalisa ce lulluɓe da mayafi, tana rawar sanyi, fuskarta da wuyanta duk ƙuraje masu ruwa. Tana numfashi kamar wadda ta hau bene da gudu.

Ƙarambau ya gano adireshin.

"Tsaya nan," in ji Sanyi da sauri. "Kada ki shigo, akwai jaririya." Ta ɗaga murya. "Mama, ki shiga da ita ɗaki ki rufe ƙofa!"

Kwalisa ta jingina da bango. "Sanyi," ta ce, hawaye yana bin ƙurajen, "ina da ɗan haya."

Sanyi ta ji kalmar ta soke ta a wurin da bai gama warkewa ba.

A tsaye a bakin ƙofar, tana yi tana tari, Kwalisa ta faɗi abin da ya faru. Cikin ya zo shekarar gwajinta ba ta cika ba. Aka fara kawo yara masu ƙarambau, aka sa ta ɗakin ƙarshe. Ta bi abokan aiki tana roƙon a yi musaya a ɓoye, kowa ya ce a'a. Wata ma ta faɗa mata a fuska, "Mu da muka ga yadda musaya ta ƙare da Sanyi?" Ba ta iya gaya wa kowa dalili ba, don ita ta fi kowa sanin hanyar da sirri yake bi ya isa ofishin Manaja. Sai ta ɗaura takunkumi ta shiga. Yanzu mijinta ya yi tafiya, asibitinsu kuma ba ta isa ta je ba, za a gane.

"Na tsaya a ƙofar nan ina tunaninki," ta ce. "Na ce da Sanyi tana nan, da ta shiga min. Ke kin yi shi, ga tabon nan a goshinki."

"Da na shiga miki," in ji Sanyi. "Ko ba ki roƙe ni ba."

Ta kama wuyan hannun Kwalisa ta ji bugun jini, ta kalli yadda ƙirjinta yake hawa da sauka. Ba ta ji daɗin abin da ta gani ba. Ciwon ya fara taɓa huhu.

Ta ƙwala wa maigidanta kira. "Baban yarinya, fito da motar da kake ɗaukar firiji. Ka taɓa yin ƙarambau?"

"Na yi, har a cikin kunne." Ya leƙo, ya ga ko wace ce, fuskarsa ta canza. Ya ja matarsa gefe. "Sanyi, wannan? Wannan da ta kusa sa mu binne na uku?"

"Ba don ita ba ne," in ji Sanyi. "Ɗan hayar bai yi min komai ba."

Suka shimfiɗa bargo a bayan motar. Sanyi ta zauna ta ɗora kan Kwalisa a cinyarta har babban asibiti.

Aka kwantar da ita a ɗakin da aka keɓe, aka sa mata iskar numfashi da ƙarin ruwa da magani. Likita ya ce da ta ƙara kwana a gida, da labarin ya zama wani. Ya ɗora na'ura a cikinta, aka ji bugun zuciyar ɗan, ƙarami, mai sauri. Ya ce za a ci gaba da sa ido har haihuwa, amma yanzu dai yana nan.

Sanyi ta riƙa zuwa kullum bayan ta tashi daga aiki, har mijin ya dawo. Ta shafa mata maganin ƙaiƙayi, ta yanke mata farce don kada ta sosa, ta ba ta ruwa a baki. In ta koma gida sai ta yi wanka ta canza kaya kafin ta taɓa 'yarta. Duk abin da nas take yi ta yi. Hira ce kawai babu.

Ranar da aka cire wa Kwalisa iskar numfashi, wayarta ta yi ƙara. Manaja ne. Hannunta duk magani, sai Sanyi ta danna mata ta buɗe murya.

Ya yi mata sannu da jiki cikin ladabi. Ya ce labari ya zo masa, Allah ya raba lafiya. Ya ce sai dai ta yi kwanaki ba ta zo aiki ba, ba ta kuma nemi izini ba, kuma ta san tana cikin shekarar gwaji. Ya ce ta fahimce shi, ba maganar ciki ba ce.

"Ki huta, za mu neme ki."

Kiran ya katse. Kwalisa ta kalli silin. Ta fara wata dariya marar daɗi, dariyar ta juye kuka.

"A kan wannan na sayar da ke," ta ce.

Sanyi ta miƙa mata auduga.

"Ki yafe min, 'yar uwa. Don Allah."

"Na yafe miki, har ga Allah. Tun ranar da na ji kukan 'yata na yafe."

"To za mu koma kamar da?"

Sanyi ta daɗe tana kallon robar ƙarin ruwan tana ɗiga. Ita ma tana so ta ce e. Shekarun nan na bokiti ɗaya da takalmi ɗaya ba su bar ta ba.

"Ɗakin da kike zaune a zuciyata, da ƙafarki kika fita daga cikinsa," ta ce. "Ban sa kowa ba. Rufe shi kawai na yi, kuma ban san inda na ajiye makullin ba."

Ta gyara mata allurar hannu da ta ɗan goce, a hankali, yadda ko ji ba ta yi ba. Ta ja mata bargo, ta ce ta riƙa shan ruwa da yawa kuma kada ta fasa zuwa awo. Sannan ta ɗauki jakarta ta tafi gida, don lokacin shayar da 'yarta ya yi.

Darasi: Wanda ya ba ka sirrinsa, ransa ya ɗora a tafin hannunka, kada ka mayar da shi tsanin hawa. Kwalisa ta kori mutum ɗaya tilo da za ta shiga ɗakin ƙarshe dominta, ta kuma koya wa kowa a wurin yin shiru, shirun ya dawo ya ci ta. Ana iya yafe cin amana, amma ba kullum amana take dawowa ba. Ku kuma masu asibitoci da shugabannin ma'aikata, ku ji tsoron Allah: ciki ba laifi ba ne. Matar da take kula da 'ya'yan mutane bai kamata a sa ta zaɓi tsakanin abincinta da ɗan cikinta ba. Ku sauya mata wurin aiki, ku ba ta kariya, ku bar mata gurbinta. Ke kuma 'yar uwa mai juna biyu, ki yi gwaji ki san matsayin jikinki, kada tsoron rasa aiki ya tura ki ƙofar da za ki yi nadama. Ku tura wannan labari ga duk wata nas ko ungozoma ko likita da kuka sani, da duk wanda yake da ma'aikata a ƙarƙashinsa. Wataƙila akwai wata Sanyi da take tsaye yanzu da hannunta a kan mariƙin ƙofa.